Tambaya da Amsa: Maganin Rage Kolesterol da Matsalar Narkewa a Ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Likita ya ɗora mahaifina a kan maganin simvastatin saboda kolesterol ya yi masa yawa a jini. Da nake karanta bayanin maganin sai na ga an rubuta cewa kusan ba ya narkewa a ruwa. Maganin da ruwa ba ya narkar da shi, ta yaya zai shiga jini har ya yi aiki? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Abin da ka karanta gaskiya ne, kuma ka taɓo ɗaya daga cikin manyan matsalolin ilimin harhaɗa magunguna. Duk ƙwayar da aka haɗiya sai ta bi matakai uku kafin ta amfani mai shanta: ta farfashe a ciki, sinadarin maganin ya narke a ruwan ciki da na hanji, sannan narkakken ya ratsa bangon ƙaramin hanji ya shiga jini. Abin da bai narke ba ba ya ratsawa, sai dai ya fita da bayan gida. Inda wahalar take shi ne matakai biyu na ƙarshe suna buƙatar halaye masu karo da juna, domin ruwan hanji yana karɓar sinadari mai son ruwa, bangon hanji kuwa da maiƙo aka gina fatar ƙwayoyin halittarsa, saboda haka sinadari mai son mai ne ke ratsa shi cikin sauƙi.

Simvastatin ɗan dangin magungunan da ake kira statin ne, waɗanda ke toshe wani enzayim, wato sinadarin da ke hanzarta aiki a jiki, mai suna HMG-CoA reductase da hanta ke amfani da shi wajen ƙera kolesterol. Idan abin da hanta ke ƙerawa ya ragu, sai ta ƙara janyo kolesterol nau'in LDL, wato mai cutarwa, daga jini, ta haka adadinsa ke sauka. Masanin Japan Akira Endo ne ya fara samo irin wannan sinadari a shekarar 1973 daga wata funfuna mai suna Penicillium citrinum. A 1987 aka amince da lovastatin a Amurka, wanda shi ma daga funfuna aka samo shi, simvastatin kuwa lovastatin ne da aka yi wa ɗan gyara. Su biyun ana ba da su ne a wata siffa da ake kira lakton, inda wani ɓangare na sinadarin ke rufe kamar zobe. A wannan siffa ba su da aiki sai jiki ya buɗe zoben ya mayar da shi asid. Rufaffen zoben na daga cikin abin da ya sa ruwa ya ƙi su, shi ne kuma ya sauƙaƙa musu ratsa bangon hanji.

Sai dai kalmar nan ta "kusan" tana da muhimmanci. Maganin yana narkewa kaɗan, kuma kaɗan ɗin nan ba ya tsayawa wuri ɗaya: da zarar ya narke hanji ya tsotse shi, sai ruwan ya sami sararin narkar da wani, haka ake yi tsawon tafiyar maganin a ƙaramin hanji. Ruwan matsarmama da hanta ke zubowa cikin hanji shi ma yana taimakawa, tun da aikinsa na asali shi ne ɗaukar maiƙo cikin ruwa. Wannan ne dalilin da ya sa ake son a sha lovastatin tare da abincin dare, domin idan aka sha shi ciki ba komai, abin da ke isa jini bai wuce kimanin kashi biyu cikin uku na abin da ake samu bayan cin abinci ba. Ga kuma ƙanƙantar adadin da ake buƙata, wanda ga simvastatin yawanci miligiram 10 zuwa 40 ne a rana.

Hujjar cewa simvastatin yana aiki ta daɗe da tabbata. A 1994 aka fitar da sakamakon binciken da ake kira 4S, wanda aka yi a ƙasashen arewacin Turai kan masu ciwon zuciya 4,444, inda aka ga simvastatin ya rage mace-mace da kimanin kashi 30 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda ba su sha ba. Baba ya ci gaba da shan maganinsa yadda likita ya tsara.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe ta karatun harhaɗa magunguna, an ba ni aikin bincike kan ƙara narkewar atorvastatin, ɗaya daga cikin magungunan statin, a ruwa. Waɗanne hanyoyi ake da su, kuma wacce kake ganin ta fi dacewa?

Amsa: Allah ya ba da sa'a, Malama. Kafin ki zaɓi hanya, ki raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa: yawan abin da zai iya narkewa a wani adadi na ruwa, da kuma saurin narkewarsa. Wasu hanyoyin na farko suke gyarawa, wasu na biyu, kuma duk binciken da bai fayyace wanda yake aunawa ba, to ya fara da rauni.

Tun 1995 Gordon Amidon da abokan aikinsa suka kawo tsarin da ake taƙaita sunansa da BCS, wanda ya kasa magunguna gida huɗu bisa narkewa da kuma ratsa bangon hanji. Ana cewa magani yana narkewa sosai idan mafi girman adadin da ake sha a lokaci ɗaya ya narke a mililita 250 na ruwa, a ma'aunin tsami na pH daga 1.2 zuwa 6.8 (ƙaramar lamba na nufin tsami mai ƙarfi). Atorvastatin, simvastatin, lovastatin, fenofibrate da ezetimibe, dukkansu magungunan rage kitsen jini, ana sanya su a gida na biyu, wato masu ratsawa da kyau amma marasa narkewa. A wannan gida narkewa ce ke jan ragamar tsotsewa, shi ya sa gyara ta ke iya kawo canji na zahiri.

Hanya mafi daɗewa ita ce niƙa. Kowa ya san garin sukari ya fi dunƙulensa saurin narkewa, saboda ruwa yana taɓa shi ta fuskoki masu yawa lokaci ɗaya, kuma lissafin da ke bayanin wannan ya samo asali ne daga aikin Noyes da Whitney na 1897. Tarihin fenofibrate, maganin da babban aikinsa shi ne rage kitsen jini nau'in tiraigilisaraid, shi ne mafi kyawun misali da zan ba ki. Da farko ana shan miligiram 300 a rana, kuma dole tare da abinci. Da aka niƙa shi zuwa ma'aunin maikiron, sai miligiram 200 ya yi aikin da 300 ke yi. Aka ƙara gyara haɗin ya dawo 160. A 2004 aka fito da ƙwayar miligiram 145 a Amurka, wadda aka niƙa garinta har ya gaza maikiron ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma ita ana iya shanta ko da abinci ko babu. A ganina wannan na ƙarshe ya fi raguwar adadin daraja, domin majiyyaci ya daina dogara da abin da ya ci kafin maganinsa ya yi aiki daidai. Amma niƙa tana da nata ƙalubalen: gari mai laushi sosai yakan dunƙule ya ƙi jiƙa, don haka ake haɗa shi da sinadarai masu aiki irin na sabulu, waɗanda ke sa ruwa ya kama jikinsa. Idan kika duba kayan haɗin ƙwayar ezetimibe ta asali za ki ga sodium lauryl sulfate a ciki, a ta atorvastatin kuma polysorbate 80.

Hanya ta biyu ita ce mayar da magani gishiri, ta hanyar haɗa asid ɗinsa da wani sinadari kamar kalsiyam ko sodiyam. Atorvastatin, wanda Bruce Roth ya fara haɗawa a 1985 aka kuma amince da shi a Amurka a 1996, tuni a matsayin gishirin kalsiyam ake sayar da shi, duk da haka narkewarsa kaɗan ce ƙwarai, kuma ba ya narkewa a ruwan da tsaminsa ya kai pH 4 ko ƙasa da haka. Ki riƙe wannan da kyau, domin yana nufin sakamakon da kika samu a ruwa zalla ba zai gaya miki abin da zai faru a ciki mai tsami ba. Simvastatin kuwa, muddin zobensa na rufe, ba shi da asid ɗin da za a yi gishiri da shi, saboda haka wannan ƙofa a rufe take gare shi.

Hanya ta uku ita ce aka fi rubutu a kanta a yau. Yawancin magunguna idan suka daskare, ƙwayoyin sinadarinsu kan jeru a tsari madaidaici mai ƙarfi da ake kira kiristal, kuma sai ruwa ya karya wannan jeri kafin narkewa ta samu. Idan aka hana su jeruwa, suka daskare ba tsari, narkewa takan ninka. Ana yin haka ta warwatsa maganin cikin wani sinadari mai son ruwa, galibi folima, wato sinadari mai doguwar sarƙa, irin su PVP ko HPMC ko PEG, ko dai ta narkar da su tare a fesa su cikin iska mai zafi su bushe nan take, ko ta dumama su a matso su ta inji. Sekiguchi da Obi na Japan ne suka buɗe wannan fage a 1961. Matsalar ita ce siffa marar tsari ba ta da natsuwa, kullum tana neman komawa kiristal, kuma zafi da danshi suna hanzarta komawar. Ƙwayar da ta yi kyau ranar da aka haɗa ta tana iya rasa falalarta bayan watanni a ajiye. Masu wannan sana'a ba sa mantawa da abin da ya sami ritonavir, maganin cutar HIV, a 1998, lokacin da wata sabuwar siffar kiristal mai ƙarancin narkewa ta bayyana ba zato, har aka janye kafsonsa daga kasuwa na wani lokaci. Atorvastatin marar tsari yana da ƙarin rauni, domin ya fi na kiristal saurin lalacewa idan iska, zafi ko danshi suka same shi, kuma tsami yakan mayar da shi lakton.

Akwai kuma saikulodestirin, wani zobe na ƙwayoyin gulukos da ake samu daga sitaci, wanda wajensa ke son ruwa, cikinsa kuma ke son mai, don haka magani kan shige ciki zoben ya ɗauke shi cikin ruwa. Nau'in beta, mai ƙwayoyin gulukos 7, shi aka fi gwadawa da statin. Ki lura da nauyi: zobe ɗaya ya kusa ninka ƙwayar sinadarin simvastatin sau uku, don haka miligiram 40 na magani zai buƙaci fiye da miligiram 100 na zoben, ko da kowane zobe ya ɗauki ɗaya. Sai hanya ta ƙarshe, wato narkar da maganin tun farko cikin mai tare da sinadarai masu aikin sabulu a zuba a kafso, ta yadda da ya haɗu da ruwan ciki zai watse zuwa ɗigo-ɗigo ƙanana ƙwarai.

Da ni ne ke, da na zaɓi warwatsawa cikin folima, saboda ana iya yinta da kayan ɗakin gwaji na jami'a, kuma tana koyar da abubuwa da yawa. Amma sharaɗina uku ne. Ki gwada narkewa a pH 1.2 da 4.5 da 6.8, ki kwatanta da ƙwayar da ke kasuwa maimakon garin magani tsura, wanda kowane haɗi zai iya finsa, sannan ki ajiye samfurinki a zafin digiri 40 da danshi kashi 75 cikin 100, kamar yadda ƙa'idojin gwajin ajiya suka tanada na tsawon wata 6, ki riƙa sake aunawa gwargwadon lokacin da kike da shi. Rahotannin da ke shelar an ninka narkewa sau kaza suna da yawa, waɗanda suka nuna haɗin ya jure ajiya kuwa sun fi ƙaranci, kuma su ne ke da amfani ga majiyyaci.

Tambaya: Ni ma'aikacin jinya ne. Na karanta cewa ƙasa da kashi 5 cikin 100 na simvastatin ne ke isa jinin da ke zagaya jiki. Shin sauran asara ce? Kuma idan aka ƙara narkewarsa, ba zai fi ƙarfi ba?

Amsa: Sannu da aiki, Malam. Wannan tambaya ta fi muhimmanci a wurina, domin a nan ne masu bincike da kansu kan yi tuntuɓe. Adadin da ka kawo daidai ne ga simvastatin da lovastatin, na atorvastatin kuma kimanin kashi 14 ne. Amma abin da bai isa jinin jiki ba kashi biyu ne mabambanta. Akwai wanda bai narke ba ya wuce, wannan asara ce ta gaske. Akwai kuma wanda ya narke, ya ratsa hanji, sannan hanta ta riƙe shi, domin jinin da ya baro hanji ta hanta yake fara bi kafin ya shiga sauran jiki. Ga yawancin magunguna wannan riƙewa ragi ce. Statin kuwa a hanta aikinsa yake, saboda haka abin da hanta ta kama ya isa inda aka aike shi.

Abin da ya tsallake hanta ya shiga jinin jiki shi ne ke isa tsoka, kuma daga nan sananniyar illar statin ke fitowa: ciwon tsoka, wanda a wasu lokuta ƙalilan yakan kai ga rugujewar tsoka har ƙoda ta taɓu. Shaidun haka suna da yawa. Wani enzayim mai suna CYP3A4 da ke bangon hanji da hanta yana karya simvastatin, lovastatin da atorvastatin, kuma duk abin da ya toshe shi, kamar ruwan garehul ko magungunan clarithromycin da itraconazole, yana sa adadinsu ya hau a jini, haɗarin tsoka ya ƙaru. Cerivastatin, wanda kimanin kashi 60 cikin 100 nasa ke isa jini, an janye shi daga kasuwa a 2001 saboda rugujewar tsoka, musamman ga masu haɗa shi da gemfibrozil. A 2008 wani bincike ya nuna cewa masu wani bambanci a ƙwayar gado mai suna SLCO1B1, wadda ke samar da ƙofar shigar statin cikin hanta, sun fi fuskantar ciwon tsoka daga simvastatin mai yawa, saboda maganin yana taruwa a jininsu. A 2011 kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta taƙaita amfani da miligiram 80 na simvastatin.

Don haka idan na ga rahoton da ke murnar cewa sabon haɗi ya ninka adadin statin a jinin dabbar gwaji, tambayata ta farko ita ce: nawa ya shiga hanta, nawa LDL ya sauka, kuma me ya sami tsoka? Amfanin gyara narkewa na gaske shi ne tsotsewa ta zama tabbatacciya, ta yi kusa da juna tsakanin mutum da mutum, tsakanin yau da gobe, da abinci ko babu, sannan a rage adadin da ake sha gwargwadon ƙaruwar tsotsewar. Wannan ne ya sa hukumomi ke buƙatar duk sabon haɗi da ke son maye gurbin na asali ya nuna adadinsa a jini ya tsaya tsakanin kashi 80 zuwa 125 cikin 100 na na asalin. Wuce iyakar sama faɗuwa ce kamar gaza ta ƙasa.

Akwai statin da tun asali suke son ruwa, wato pravastatin da rosuvastatin. Su matsalarsu ta juya: suna narkewa, amma ratsa bango na yi musu wuya, kuma sun dogara ƙwarai da ƙofar nan ta hanta da na ambata. Abin da ke isa jini daga pravastatin kimanin kashi 17 ne, daga rosuvastatin kimanin kashi 20, wanda ke nuna narkewa kaɗai ba ta warware komai. Likitoci kan mayar da mai ciwon tsoka kan ɗaya daga cikinsu, sau da yawa a dace, ko da yake su ma suna iya kawo ciwon. Kuma a cikin magungunan kolesterol akwai wanda rashin narkewa ce ma amfaninsa: cholestyramine gari ne da ake damawa a sha, ba ya narkewa, ba ya shiga jini, a cikin hanji yake kama ruwan matsarmama ya fita da shi, sai hanta ta ci kolesterol wajen ƙera sabo.

Tambaya: Malam, mahaifiyata ta tsufa, haɗiyar ƙwaya na yi mata wuya. Zan iya daka maganin kolesterol ɗinta in narkar mata a ruwa? Daga wata mai karatu.

Amsa: Allah ya saka miki da alheri kan kula da Mama, ya kuma ƙara mata lafiya. Kada ki daka sai kin tambayi likitanta ko mai harhaɗa magunguna, ki kuma nuna musu kwalin maganin. Idan simvastatin ne ko atorvastatin, dakawa ba za ta sa ya narke ba, garin zai yi yawo a ruwa ne sannan ya kwanta a gindin kofi ko ya manne a jikinsa, ta yadda Mama za ta sha ƙasa da abin da aka rubuta mata ba tare da kin sani ba. Akwai kuma ƙwayoyin da aka ƙera don su riƙa sakin magani a hankali tsawon yini, kamar fluvastatin na miligiram 80 mai jinkirin saki da wani nau'i na lovastatin, waɗanda dakawa ke rushe tsarinsu, maganin ya fito gaba ɗaya lokaci guda.

Mafita tana nan. A wasu ƙasashe ana samun simvastatin da atorvastatin na ruwa, waɗanda ake girgizawa sosai kafin a auna, tun da a cikinsu ma garin rataye yake bai narke ba. Likita na iya sauya mata zuwa statin mai narkewa a ruwa kamar pravastatin, ko ya zaɓi ƙwaya mafi ƙanƙanta. Idan kuma an ba ki izinin dakawa, ki daka ƙwaya ɗaya a lokacin da za a sha, ki dama da ruwa kaɗan, ki ɗauraye kofin da wani ruwan ta shanye shi ma. Sauran ƙwayoyin ki bar su cikin mazubinsu, nesa da zafi da danshi. Idan Mama ta fara kukan ciwon tsoka ko kasala da ba a san dalilinsu ba, musamman idan fitsarinta ya yi duhu, ki kai ta asibiti a ranar, ki tafi da dukkan magungunan da take sha domin likita ya duba ko wani yana karo da wani.